Amfanin Warangi Ga Yara Da Mata Masu Ciki

Yau za mu yi magana a kan abinci, musamman da mutanen Yauri da Ngaski da Shanga.

Abinci iri uku ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar dawa da gero da shinkafa. Akwai mai gina jiki, watau kifi da nama da wake da gyaɗa. Akwai kuma mai tsare jiki daga cuta, irin su zogale da kuka da manja. Yaron da aka yaye da kunun dawa zalla cikinsa ya kan cika, amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba. Sai ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja, ya riƙa ƙyuya. Wannan tamowa ce, tana kisa kuwa.

To, ga magani a bakin ƙofarku. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, tabkin yana ba da ƙananan kifin nan da a ke kira warangi. Kada ku raina shi don ƙanƙantarsa. Babban kifi mu kan ci tsoka mu yar da ƙaya, amma warangi duka a ke ci, da kai da ƙashi. A ƙashin nan a ke samun kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. A kai da kayan ciki kuwa akwai sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, wanda mace mai ciki ta ke bukata ƙwarai.

Ga yadda za a yi. A shanya shi bisa tabarma mai tsabta, ba kan yashi ba. In ya bushe a ɗan soya, a daka, a tankaɗe. Yaro ya sha nonon uwa kaɗai har wata 6. Daga nan a riƙa zuba cokali guda na garin kifin cikin kununsa kullum, ana kuwa ci gaba da ba shi nono. A miyarsa a sa ganyen zogale da ɗan manja, gama bitamin A da ke cikinsu yana hana dundumi. Tsamin lemo kuma yana taimakon jiki ya karɓi sinadarin ƙarfe.

Maigida, in za ka kai kifi kasuwar Yelwa, ka fara ɗebar wa gida tukuna. In kuwa ƙafar yaro ta riga ta kumbura, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira. Allah ya ba mu lafiya, amin.