Soyayyar Shinkafa da Indomi: Yadda Girkin Asiya Ya Kama Daren Zangon Kumasi

Da an idar da sallar isha'i a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango, sai titi ya canza hannu. Masu waakye, wato wake da shinkafa, tun hantsi suka tashi, masu tuwon zafi suna kankarar ƙanzo. Waɗanda ke gadar wurin samari ne masu rumfar katako da gilashi, da tukunyar gas, da kasko mai zurfi da suke wurga shinkafa a ciki tana ƙara. Mutanen Gana suna kiran wannan abinci "check-check": soyayyar shinkafa da karas da lawashi da ruwan soya mai baƙi, a ɗora cinyar kaza, a zuba shito, wato miyar barkono, a gefe. Kusa da su akwai masu Indomi, galibi 'yan mata, sun jera ledojin taliyar da ƙwai da gwangwanin kifi.

Duka biyun daga Asiya suka fito. Soya shinkafar jiya a wuta mai tsanani tsohuwar dabara ce ta Sin, kuma mutanen lardin Guangdong, wato Kanton, su suka fi yaɗa ta a duniya. Indomi kuwa ɗan Indonesiya ne, an fara yin sa a 1972, ya shigo Afirka ta Yamma ta Najeriya, inda aka kafa masa masana'anta a Ota ta jihar Ogun. Abin lura shi ne, ba gidajen cin abincin Sinawa ne suka kawo su Zango ba.

Irin waɗannan gidaje suna nan a Kumasi, amma can wajen Ahodwo da Nhyiaeso, unguwannin otal-otal da manyan ma'aikata. Sun sami kasuwa sosai lokacin da dubban Sinawa, akasarinsu daga gundumar Shanglin ta Guangxi, maƙwabciyar Guangdong, suka kwararo haƙar zinariya ta bayan fage, wato galamse, a yankunan Obuasi, Manso da Dunkwa. Kumasi ce wurin sayayyarsu da hutawarsu. A 2013 gwamnatin John Mahama ta kori fiye da 4,500 daga cikinsu, amma shagunan da ke sayar da ruwan soya da man riɗi da taliyar Sin ba su ɓace ba, haka ma 'yan Gana da suka yi aiki a waɗannan madafai suka fita da sana'a a hannu.

Ɗan Zango bai cika taka ƙofar waɗannan gidaje ba, kuma dalili biyu ne. Na farko kuɗi: faranti ɗaya zai iya ciyar da gida guda da waakye. Na biyu ya fi nauyi. Girkin Kanton ya jingina da naman alade, gasasshensa da ake kira char siu na cikin abin alfaharinsu, kuma ana ɗiga giyar shinkafa a miya da nama. Ko an ce kaza ce, wa ya yanka ta, kuma me aka soya a kaskon kafin ita? Alhajin da ya saba sayen nama a hannun mahaucin da suke sahu ɗaya a masallaci ba zai biya kuɗi mai yawa don ya ci da shakka ba. Hatta fataken Zango da ke zuwa Guangzhou sarin waya da yadi da kayan babur, a birnin da ake yin bajekolin Kanton tun 1957, sukan nufi unguwar Xiaobei ne, inda Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui da Uigur ke sayar da taliyar hannu da tsiren rago. Suna zaune a cibiyar girkin Kanton, amma ba shi suke ci ba.

Don haka Zango ya ɗauki abin da ya yi masa, ya bar sauran. Ya karɓi kaskon da wutar da ruwan soyan, ya cire alade, ya ƙara barkono har sai Bakantone ya kasa gane abincinsa. Wannan ba sabon hali ba ne. Zangon Kumasi unguwar baƙi ce tun zamanin fataken goro da ke bi ta Salaga, kuma unguwannin Zango irinta ne suka koya wa kudancin Gana koko da ƙosai da tsire. Farantin waakye kansa ya daɗe da karɓar taliya a kai ba tare da kowa ya yi gardama ba.

Abin da ya sa sana'ar ta bazu haka, lissafi ne mai sauƙi. Waakye na bukatar jiƙa wake, da karan dafi, da babbar tukunya, da tashi kafin asuba, da mataimaka uku ko huɗu. Sana'ar gado ce, uwa ke miƙa wa 'ya. Mai Indomi kuwa tebur ɗaya da risho da katan ɗaya sun ishe ta farawa, kuma abin da bai sayu yau ba, ba zai lalace ba. Ga yarinyar da ta gama sakandare babu aiki, ko wadda ta sauko daga Tamale ko Bawku, wannan babban abu ne. Masu saye ma suna nan: direbobin motocin haya na tro-tro da ke tashi a makare, 'yan kasuwar Kejetia da Alabar da ke rufe shago bayan magariba, masu gyaran motoci na Suame Magazine, da ɗaliban jami'ar KNUST. Dukansu suna son abu mai zafi cikin minti goma, a lokacin da tukunyar gida ta huce.

Sakamako mafi girma yana cikin buhu. Soyayyar shinkafa ba ta son ƙwayar da ke cakuɗewa, don haka masu check-check suka rungumi doguwar shinkafa mai ƙamshi ta Biyetnam da Tailan, suka bar ta Fumbisi da sauran fadamun arewa, wadda waakye ba ya ƙyama. Kazar da ke kai, mafi yawanta daskararriya ce daga Brazil, Amurka ko Turai. Alkamar Indomi ba a noma ta a Gana. Kusan komai na wannan faranti da dala ake sayo shi. Da sidi, kuɗin Gana, ya faɗi a 2022, har hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disamba, masu rumfar sun ji a jikinsu nan take: cinyar kaza ta koma rabi, cokalin shinkafa ya ragu, wasu suka rufe. Indiya ta hana fitar da farar shinkafa wadda ba basmati ba a Yulin 2023, farashi ya sake hawa a kasuwar duniya. Abin mamaki a nan, tambayar yanka da ake yi wa gidan Sinawa ba kowa ke yi wa katan ɗin kazar da ta fito daga firjin kanti ba, ko da yake wasu katan suna ɗauke da hatimin halal.

Sai batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5. Leda biyu ta Indomi da sinadarinta, a ƙara dunƙulen magi da sosej ɗin kaza da shito, sun ci kaso mai tsoka na wannan a zama ɗaya, ana cin su da tsakar dare a kwanta. Hawan jini kuwa ba baƙo ba ne a gidajen Zango.

Akwai kuma fararen robobin ɗaukar abinci. A da ganye ake naɗe waakye da shi, yanzu roba da leda ne, kuma ƙarshensu rafin Aboabo, wanda ke toshewa ya yi ambaliya da damina.

Da wuya a ce waakye na cikin haɗari. Layinsa na safe bai ragu ba, kuma a watan azumi koko da masa da fura ne ke mulki. Abin da ya canza shi ne dare, da kuma wanda ke riƙe da ludayi. A da girkin sayarwa a Zango na manyan mata ne, in ban da tsire da shayi. Yanzu saurayi ɗan shekara ashirin yana tsaye gaban kasko har ƙarfe biyu na dare, yana karɓar kuɗi ta waya ta MoMo, ɗan babur na jiran ya kai saƙo Sawaba ko Asokore Mampong.