Tada tsohuwar kat-san-kat

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Tasawa, Mayahi da Sarkin Hausa cikin shekarun 1970 ya san Peugeot 404 mai tampol, wadda ake ce ma kat-san-kat. Gyaɗa, hatsi, awaki da mutane, duk tashi guda take kwashe su. An fito da 404 a Faransa a 1960, a-kori-kurarta kuwa a 1967. An harhaɗa ta a Kaduna, inda aka buɗe ma'aikata a 1975. Ta ƙarshe ta fito daga Kenya a 1991.

Ita da ta cika hanya dā, yau samun mai lafiya sai an tona. Dalili kuwa, motar babban ma'aikaci inuwa take kwana, ta ɗan kasuwa sai lodi ya karya ta ake barin ta.

Mai niyyar tada ta, ya fara leƙa ƙarƙashinta. In ƙarfen gindi ya tsage, an sha yi masa walda, to, ya riƙe kuɗinsa. Inji ba abin tsoro ba ne: silinda 4, kafireta, babu kwamfuta, tsohon makaniki ya san cikinsa sarai. Wuyar tana ga ƙananan kaya: fitilu, gilasai, robar ƙofa, da sandar giya ta jikin sitiyari. Waɗannan sai an bi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko a sayi wata matacciya a fiɗe ta. Nan ne wasu kan gaji, su ɗora mata injin wata mota. A ganinmu wannan ba 404 ba ce kuma.