Bindigar Toka: Ko Babu Harsashi Tana Kisa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san ƙarar bindigar toka. Ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe, da zarar 'yan bindigar sarki sun saki wuta, daga Ƙofar Galadima har Ƙofar Doka kowa ya san Sarki ya fito. Al'ada ce mai tushe. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye dakaru masu bindiga. A Zazzau, Sarki Yero ya yi suna wajen tara irin waɗannan dakaru a ƙarshen ƙarni na 19.

Abin damuwar shi ne yadda samari ke ɗaukar wannan bindiga don sha'awa kawai, a wajen biki ko kilisa, ba tare da sun zauna gaban manya sun koya ba. In ka yi magana sai a ce maka, "Ai babu harsashi, albarushi ne kawai." Wannan maganar ce tushen yawancin haɗarin.

Ta baki ake ɗura bindigar toka. A zuba albarushi, a tura tsumma, a danna shi da sandar ƙarfe har ya zauna daram. Idan wuta ta kama, tsumman nan yakan fita da ƙarfin da zai iya fasa ido ko huda ciki in mutum yana kusa. Tsakuwa ko ƙasar da ta shiga bakin bindiga lokacin da aka jingine ta, ita ma harsashi ta zama. Shi ya sa tsofaffin maharba ba sa auna mutum da bindiga ko da wasa.

Sai maganar fashewa. Yawancin waɗannan bindigogi ƙirar maƙeran gida ce, wasu da bututun ƙarfen da ba a yi shi don ɗaukar wuta ba. Ga tsatsa tana cin cikinsa shekara da shekaru. Saurayi mai son tasa ta fi ta kowa ƙara sai ya ninka albarushi, ko a cikin hayaniya ya manta ya yi ɗuri a kan ɗuri. In bututun ya tsage, hannun da ke tallafe da shi ne ke fara tafiya, sai fuska. Mafi muni shi ne a farke harsashin bindigar zamani a juye garinsa a ciki, domin ƙarfinsa ya wuce abin da bindigar toka za ta jure.

Akwai ganganci biyu da ya kamata kowa ya kiyaye. Bayan harbi, garwashin tsumma kan saura a cikin bututu. Wanda ya yi gaggawar zuba sabon albarushi kai tsaye daga gorarsa, wuta na iya bin garin ta tashi da gorar a hannunsa. Haka kuma wani lokaci a ja kunama bindiga ta yi shiru, alhali wuta na ci a hankali. Kada a leƙa bakinta, kada a busa. A riƙe ta tana kallon inda babu kowa, a ba ta lokaci.

Albarushi kuma ba a ajiye shi kusa da murhu, ko maganin sauro mai hayaƙi, ko inda yara ke kai hannu. 'Yan kallo su ja baya, musamman in akwai dawaki, don dokin da ya firgita ba ya zaɓen wanda zai taka.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigar toka cikin makamai, ta hana ƙera ta sai da izini, ta kuma hana ba ɗan ƙasa da shekara 17 lasisi.

In tsautsayi ya auku, a danne inda jini ke zuba da tsaftataccen ƙyalle. Ƙuna kuwa a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da shafa ƙwai ko gishiri ko baƙin mai. A garzaya asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika. Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye mai rauni a gida, domin wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Iyaye da masu unguwanni, ku sa ido a kan yaranku. Saurayin da ke son wannan gado ya je wurin masu shi ya koya, wanda bai koya ba kuma a karɓe bindigar daga hannunsa tun kafin Sallah ta zo.