Daskarewar Jini a Magudanan Ƙwaƙwalwa da Maganar Ɗakin Iskar Oksijin

Jama'a, jinin da zuciya ke aika wa ƙwaƙwalwa lalle ne ya komo. Yana komowa ne ta waɗansu manyan magudanai da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙoƙon kai. Idan jini ya daskare a cikin ɗayansu, sai hanya ta toshe kamar yadda yashi kan cike lambatu da damina. Jini ya taru a baya, ƙwaƙwalwa ta kumbura, wani lokaci ma ƙananan jijiyoyi su fashe. Wani likitan Faransa mai suna Ribes ne ya fara bayyana wannan ciwo a shekarar 1825.

Ciwon bai cika yawa ba, gama bai kai kashi 1 cikin 100 na masu shanyewar ɓarin jiki ba. Amma abin damuwa shi ne waɗanda yake kamawa: matasa ne, kuma mata sun fi maza nesa. Mai ciki da mai jego, musamman a makonnin farko bayan haihuwa, su ne kan gaba, domin a lokacin jininsu ya fi saurin daskarewa. Sai mai shan ƙwayoyin tazarar haihuwa, da mai cutar sikila, da wanda gudawa ko zazzaɓi ya ƙafar da ruwan jikinsa, da wanda ciwon kunne mai ruwa ko sanƙarau ya ci ƙarfinsa.

Alamar farko ita ce ciwon kai, wanda kusan 9 cikin marasa lafiya 10 ke fama da shi. Ba irin na gajiya ba ne. Kullum ƙaruwa yake yi, ya fi tsanani idan an kwanta, ba ya kuma jin maganin kanti. Daga nan sai amai, gani ya dushe, hannu ko ƙafa ta mutu, ko jijjiga irin ta farfaɗiya. A nan ne ake yin kuskure. Mai jego ta faɗi tana jijjiga a Kagoro ko Manchok, sai dangi su ce iska ce, a kwana uku ana neman magani a gida. Kwanakin nan uku su ne ake bukata a asibiti.

Ba a gane ciwon sai da hoton ƙwaƙwalwa. Saboda haka a garzaya da mai ciwo babban asibitin Kafanchan, in likita ya ga dama ya tura shi asibitin koyarwa na Jos ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Maganin da aka tabbatar shi ne allurar tsinka jini mai suna hefarin, kana a bi ta da ƙwayoyi na wata 3 zuwa 12. Wani bincike da aka buga a 2004 kan mutum 624 ya nuna kusan 8 cikin 10 sun warke sarai.

To, ina maganar ɗakin iskar oksijin da waɗansu ke ji a bakin 'yan uwa mazauna ƙasashen waje? Wani rufaffen ɗaki ne na ƙarfe, kamar tankin mai. Akan sa mutum ciki, a matse iskar har ninki 2 ko 3 na wadda muka saba, ya shaƙi oksijin zalla na kimanin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kaɗai oksijin. Matsin nan yana narkar da oksijin cikin ruwan jini, har ya isa inda jini ya yi ƙaranci. Likita Boerema na birnin Amsterdam ya shahara da wannan aiki tun shekarun 1950.

Amfaninsa tabbatacce ne ga masu nitso cikin teku, da wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi, da miki mai ruɓa nama, da gyambon masu ciwon sukari. Amma ba ya narkar da daskararren jini, ba ya kuma buɗe magudanar da ta toshe. Likitoci ba su sa shi cikin magungunan da aka tabbatar na wannan ciwo ba. Yana kuma da nasa haɗari: yakan ji wa dodon kunne ciwo, yakan tayar da jijjiga, ga tsoron gobara, ga tsada.

Don haka kada wani ya sayar da gona ko shanu domin neman wannan ɗaki alhali ba a fara allurar tsinka jini ba. Wanda aka sallama da ƙwayoyi ya sha su yadda aka umurta, ya riƙa komawa gwajin jini a ranar da aka sa masa. Macen da ta taɓa yin ciwon kuwa, ta shaida wa ungozoma tun ranar awon farko idan ta sake samun ciki.