Jirgin da ba ya barin gareji

A Amurka, Jamus, Ingila da Ostireliya akwai magidantan da motarsu ke kwana a waje saboda jirgin sama ya cinye garejin. Abin da ke ciki ɗakin matuƙi ne kawai: kujeru biyu, sitiyari, allunan makunnai a gaba da bisa kai, tagogi, sai hoton sama da ƙasa da majigi ke haskawa a jikin bango mai lanƙwasa. Yawancinsu da katako suke kafa nasu. 'Yan ƙalilan masu hali kan je inda ake jibge tsofaffin jirage a hamadar Arizona ko Kalifoniya, su sayi goshin Boeing 737 da ya gama aiki, a yanko musu, a ɗoro a tirela.

Wannan sha'awa ta samo asali ne daga aikin hannu. A shekarar 1929 Edwin Link, ɗan mai masana'antar piyano da ogan a garin Binghamton na jihar New York, ya haɗa wani akwati mai gajerun fukafukai. Da zugazugan iska na cikin ogan ya sa akwatin yana karkata yana juyawa, zugazugai masu aiki kamar na maƙera. Da farko wuraren shaƙatawa ne suka fi sayensa a matsayin abin wasa. Sai a 1934, bayan matuƙan soja da dama sun halaka wajen jigilar wasiƙu cikin duhu da hazo, rundunar sojan Amurka ta sayi guda shida. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙa sama da 500,000 suka koyi tuƙi da agogunan jirgi a cikinsu.

Abin da ya shigo da harkar cikin gidaje shi ne kwamfuta. Manhajar da Bruce Artwick ya rubuta ita ce ta zama Microsoft Flight Simulator a 1982. X-Plane ta Austin Meyer ta fito a 1995, kamfanin Lockheed Martin yana da Prepar3D, sannan a 2020 kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa ya sake gina ta Microsoft da hotunan tauraron ɗan'adam na duniya baki ɗaya. Mai so yana iya rubuta DNKN ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ya sauka a DRRN, wato Yamai.

To, manhaja sayenta ake yi, kafinta kuma zai iya kafa ɗakin cikin mako. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin yatsa da kwamfuta. Kowane makunni sai an ja masa waya zuwa wani ƙaramin allon lantarki, galibi Arduino Mega, wanda ke da ƙofofin shiga da fita guda 54 ban da 16 na auna ƙarfin wuta. Daga allon saƙo ya bi kebul zuwa kwamfuta, inda wata manhaja kamar MobiFlight ko FSUIPC za ta fassara shi: wannan makunni na famfon mai ne, wancan na fitilar sauka ne. Saƙon kuma sai ya dawo. Idan matsin mai ya ragu a jirgin da ke cikin kwamfuta, dole fitilar gargaɗi ta kama a garejin, hannun agogo ya faɗi. Hannayen agogon nan ƙananan motoci ne ke juya su, irin waɗanda ke cikin agogon gudu na mota. Allon da ke bisa kan matuƙin 737 shi kaɗai yana ɗauke da makunnai da fitilu fiye da ɗari, don haka Arduino ɗaya ba ya isa, kuma bayan allon ya kan zama dajin wayoyi. Wanda bai manna wa kowace waya suna ba tun ranar farko zai yi kuka da idonsa ranar da ɗaya ta tsinke.

Shi ya sa zaɓen jirgi shi ne hukunci mafi nauyi. Ƙaramar Cessna 172 agoguna shida ne ginshiƙinta, mutum zai iya gama ta a kan tebur. Tsakanin manyan jirage biyu kuwa, Airbus A320 da Boeing 737, A320 ya fi sauƙin kwaikwayo, kuma dalilin yana cikin yadda aka ƙera shi. Matuƙinsa da ƙaramar sanda a gefe yake tuƙi, sandar kyaftin ba ta haɗe da ta mataimaki, kuma hannun totur ba ya motsi da kansa ko da kwamfutar jirgin ce ke ƙara wuta ko rage ta. Boeing 737, wanda ya fara tashi a 1967, akasin haka yake. Sitiyarinsa biyu a haɗe suke, idan ɗaya ya ja ɗayan ma sai ya matso. Totur ɗinsa yana tafiya da kansa, ga wasu ƙafafu biyu a gefen gwiwa masu wulwulawa da ƙara duk lokacin da jirgin ke daidaita hancinsa. Duk wannan sai an sa masa moto da bel da giya. Amma duk da haka 737 ne maginan suka fi rububi, ina jin don wahalar tana cikin abin da suke nema. Da yawa daga cikinsu sun fi daɗewa riƙe da ƙarfen liƙa dalma fiye da sitiyari.

Akwai abu biyu da gareji ba ya iyawa. Na farko gani. Hoton majigi yana kan bango ne taku biyu ko uku daga fuska, saboda haka idan an daidaita titin jirgi ya miƙe a idon kyaftin, mataimaki zai gan shi a karkace. Manyan na'urorin kamfanonin jirage, irin waɗanda CAE ta Kanada ke ƙerawa, suna magance wannan da wani ƙaton madubi mai lanƙwasa wanda ke sa hoton ya zama kamar daga can nesa yake zuwa. Tabarau mai nutsar da mutum cikin hoto ya rage matsalar, sai dai wanda ya sa shi ba ya ganin makunnan da ya shekara yana haɗawa.

Na biyu motsi. Babbar na'ura tana tsaye ne a kan ƙafafu shida, tana yaudarar cikin kunne, inda jiki ke gane karkata. Idan jirgi zai zabura a titi, sai ta ɗaga hanci a hankali, nauyin mutum ya danna bayansa a kujera, shi kuwa idonsa na ganin titi a miƙe, sai ya ɗauka gudu ne. Kuɗin irin wannan miliyoyin daloli ne. A gida, abin da aka fi yi shi ne a ɗaure wa kujera wata na'ura mai girgiza, a ji rugugin inji da bugun taya.

Don haka abin da ɗakin gida ke koyarwa da gaske shi ne tsari: wane makunni ke bin wane, yadda ake shigar da hanya cikin kwamfutar jirgi, yadda ake bin siginar sauka cikin hazo, da yadda ake magana da hasumiya. A dandalin VATSIM, wanda aka kafa a 2001, da takwaransa IVAO, mutane ne na gaske ke zama masu ba da izinin tashi da sauka ta intanet, da irin kalaman da ake amfani da su a sama. Malaman tuƙi kuma suna da ƙorafinsu a kan ɗaliban da suka taso da kwamfuta: idonsu na kan agogo, ba sa leƙa taga.

Hukumomi ba sa ƙirga awannin gareji. Hukumar jiragen sama ta Amurka takan yarda da awa 10 ko 20 daga cikin 40 na koyon tuƙi da agogo, gwargwadon darajar na'urar, amma sai wadda ta duba ta amince da ita. Matuƙan manyan jirage kuwa galibi duk wata shida suke komawa babbar na'ura a gwada su da mutuwar inji da gobara. Shekaru da yawa matuƙan Najeriya ƙasashen waje suke zuwa don wannan gwaji, da kuɗin ƙetare, abin da ya sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sayi tata na'urar Boeing 737.