Kada A Sayi Batir Sai An Ga Awonsa

A da, mu nan Fakku, da hasken wutar kara almajiranmu ke karatun dare. Daga baya aka sami fitilar ƙwai, yau kuwa sai ta sola. Rana ke ciyar da batir, batir kuma ya ciyar da fitila bayan isha'i. Da shi kuma masu cajin waya ke neman abinci a kasuwannin Tambuwal da Kebbe. To, tun da ya shiga karatunmu da cinikinmu, wajibi ne mu san abin da ke cikinsa.

Bara wani maƙwabcina mai cajin waya ya sayar da raguna biyu, ya sayo batir a birni. Mai shago ya rantse masa zai kai shi asuba. Kafin wata uku, ko sallar isha'i ba ya kaiwa. Da mai gyara ya buɗe shi, sai ya tarar da ƙwayoyi 28 a ciki, uku sun mutu, sauran kuwa lafiyarsu lau. Ukun nan su suka cinye masa raguna.

Ku sani, ya 'yan'uwa, irin wannan batir ba abu guda ba ne, taron ƙwayoyi ne aka jera. Ana kiran ƙwayar 18650, watau kaurinta milimita 18, tsawonta 65. Ta litiyam ce, irin da kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fara sayarwa a 1991. In ta cika ƙarfinta bolt 4.2 ne, abin da take ɗauka kuwa ana auna shi da awon da ake rubutawa mAh, kamar yadda muke auna gero da mudu. Sabuwa takan ɗauki 2,000 zuwa 3,500. Amma da yawa cikin waɗanda ake haɗawa a ƙasarmu daga tsofaffin kwamfutoci ake ɓaro su. A ido duk ɗaya suke. Wata na da sauran ƙarfi, wata kuwa fanko ce.

Saboda haka mai gyara na gari ba ya yarda da ido. Zai cika kowace ƙwaya, ya ajiye ta makonni, ya ga ko tana yoyo. Sa'an nan ya sa ta a na'urar gwaji, ta juye abin da ke cikinta, ta ƙidaya masa. Wadda ta yi zafi wajen caji ya fitar da ita. Wadda ta tsira ya ba ta lamba, ya rubuta awonta a jikinta.

A nan manhaja ke shigowa, watau lissafin da ake sa wa kwamfuta ko waya ta yi. Wasu a Excel suke ajiye lambobin, wasu kuma suna aiki da wata mai suna rePackr. Ga misali. Mai son batir na bolt 24 yakan jera sahu bakwai, a ce kowane sahu ƙwaya huɗu. In jimlar wani sahu ta kai 10,000, ta wani kuwa 8,000, to, da zarar ƙaramin ya ƙare batir ya tsaya, ko da sauran na da saura. Ayari ai da tafiyar gurgun jaki yake tafiya. Aikin manhaja shi ne ta karɓi awon ƙwayoyin nan 28, ta raba su sahu-sahu har jimlar kowane ta yi kusa da ta ɗan'uwansa. Malamin da ya taɓa rabon gado ya san wahalar irin wannan hisabi. Ita kuwa kafin ƙiftawar ido ta gama.

Sai dai a lura, manhaja ba ta ganin gaibu. Abin da aka ba ta shi take rabawa. In mai gyara ya shigar da ƙarya, ƙarya za ta jera masa. Kuma ba ta ɗauke wa batir buƙatar ɗan allon tsaron nan da masu gyara ke kira BMS, wanda ke yanke wuta in caji ya wuce kima. Ƙwayar litiyam in ta kama da wuta ba ta da sauƙin kashewa, mu kuwa rumfunanmu na kara ne, ga hunturu da iska.

Malamai sun sani shari'a ta hana ɓoye aibin haja, ta kuma hana cinikin abin da ba a san gwargwadonsa ba. Batir a rufe yake, mai saye ba ya ganin cikinsa, sai rubutu ya zama masa ido. Don haka, ya kai ɗan kasuwa, kafin ka ƙirga kuɗi ka yi tambaya uku: ƙwayoyin sababbi ne ko tsofaffi? Ina takardar awon kowace ɗaya? Akwai allon tsaro a ciki? Tsohuwar ƙwaya ba laifi ba ce in an gwada ta, an faɗa, an kuma yi mata kuɗinta. Wanda ya ƙi nuna awo kuwa, bar masa kayansa.

Allah Ya sa albarka a cinikinmu, Ya kiyashe mu da gobara. Haza wasalam.