Taɓin Hankali a Karkarar Zazzau: Wa Zai Riƙe Wanda Ba Shi Da Dangi?

Da zarar ruwa ya ɗauke, aka shiga saran rake a Maƙarfi da Kudan, noman tumatir da barkono ya kankama a fadamun Ikara, sai yankin ya cika da 'yan ci-rani daga ƙauyukan Katsina da Maraɗi da Damagaram. A 'yan shekarun nan kuma yankin ya karɓi wasu baƙin da ba neman kuɗi ya fito da su ba: iyalan da 'yan bindiga suka tarwatsa daga Birnin Gwari da Giwa da Zamfara. Wasu an kashe nasu a gabansu, wasu sun sayar da gona da shanu sun biya kuɗin fansa. Irin wannan tashin hankali yakan bar mutum da rashin barci da firgita da faɗuwar gaba, ko an yi shekaru.

A ƙasar Hausa dangi ne ke jinyar mai taɓin hankali. Su ke lura ya fara sambatu, su kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya da rubutu, in abin ya faskara su haɗa kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa na Shika, ko na masu taɓin hankali da ke Barnawa a Kaduna, ko na Dawanau a Kano. Ɗan ci-ranin da ke kwana a rumfar kasuwa ba shi da mai yi masa wannan ɗawainiya. In ya rikice, sai a ce ƙwaya ce, yara su bi shi da jifa. Bafulatanar da ke ruga mai nisa da titi, da Bamagujen da ke ƙauyen da babu asibiti, da mai jegon da ke kulle ta daina ci ta daina shayarwa, kusan duk halin da suke ciki ke nan: ciwon na nan, hanyar magani ce babu.

Jiran likitoci su wadata ba mafita ba ce, domin ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a birane suke. Abin da ke cike wannan giɓi ya fito fili a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa. Akasarinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san wata ƙofa ba.

Amma akwai wata ƙofar, kuma an daɗe da buɗe ta a Najeriya. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma sauke majinyata a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana ba su maganin asibiti tare da tuntuɓar masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi: ma'aikatan ƙananan asibitoci na zuwa har inda masu maganin gargajiya da masu addu'a ke ajiye marasa lafiya, suna duba su suna ba da magani. Waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi.

Wannan tsari ya dace da Ikara da Maƙarfi da Kudan, saboda malamin ruƙiyya ne ke fara ganin mara lafiya, kuma maganarsa ce iyali ke ji. Ba sai an yi musu da shi kan iska ko sammu ba. Abin nema shi ne ya gane alamomin da ke buƙatar asibiti cikin gaggawa, kamar maganar kashe kai, da farfaɗiya, da rikicewar da ta zo da zazzaɓi, ya kuma yarda a bar duka da turu. Ungozoma ita ce ke shiga ɗakin mai jego inda namiji ba ya shiga. Baƙo kuwa, mai masaukinsa da mai unguwa da sarkin kasuwa su ne danginsa. In aka sa su cikin tsarin, za a sami mai raka shi asibiti da mai tuna masa shan magani. Limami da fasto da arɗo kowa na da jama'ar da ke sauraronsa.

Shi ma malamin asibiti akwai abin da zai koya. Mai ciwon damuwa a ƙauye ba ya zuwa ya ce yana cikin ƙunci. Cewa yake kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko barci ya ƙaurace masa, sai a rubuta masa maganin maleriya ya tafi. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008 an tsara shi ne don koya wa ma'aikacin da ba likita ba yadda zai gane irin wannan, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran gaba. Kwalejin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata, don haka ba daga nesa za a nemo su ba.

Ta fuskar doka an sami ci gaba. Tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, kuma a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci. Saura abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi: horar da ma'aikata, da ware ranar da ƙwararre zai riƙa zuwa asibitocin Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, da ajiye magani mai araha wanda ba ya yankewa. Wannan na ƙarshen shi ne ma'auni, domin mai taɓin hankali yakan yi watanni ko shekaru yana shan magani, kuma ranar da iyali suka je suka tarar babu, gidan mari za su koma.